Fakarar da Baba Ya Mayar

Ku ƴaƴana, da ku jikokina masu yawan tambaya, na sha jin kuna faɗa wa juna wai kakanku, wato mahaifina, shi ne ya kai ƙarar babanku wurin ma'aikatan gandun daji, aka ƙwace masa bindiga, shi ya sa muka baro Tsibiri muka dawo Maraɗi. Ban san wanda ya fara shuka wannan magana ba, amma ko wane ne Allah ya yafe masa, don ƙarya ce tsagwaronta. Babu wanda ya ƙwace wa babanku bindiga, da hannunsa ya sayar da ita. Abin da ya raba mutanen nan biyu bai kai gaban hukuma ba, kuma ni aka aika da shi. Tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka gani da idonsu, gara in faɗa muku kafin ni ma in bi su.

Ni kaɗai na rayu a ɗakin Inna, shi ya sa aka sa mini suna Abarta. Baba kuwa duk Tsibiri Nomau ake ce masa, kuma sunan ya bi shi, don in ba salla ba, ba abin da ke raba shi da hauya. Gidanmu ne na ƙarshe a gari, daga bayan danga sai gonarsa ta gero, a tsakiyar gonar kuma akwai wani tsohon gawo. Kun san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, saboda haka duk wanda ya ɗaga kai sai ya hangi sheƙar shaho a can ƙololuwa. Mace da namiji ne, kowace shekara a nan suke ƙyanƙyasa. Baba yana ji da su kamar dangi. Lokacin da gero ya fara ido, maƙwabta suna ta ɗaura gwangwanaye a igiya suna ihu saboda janbaki, mu gonarmu tsit, don ƙananan tsuntsaye ba sa son sauka inda inuwar shaho ke gilmawa. Ɓeraye ma ba su sakewa. Sai dai shaho ba waliyyi ba ne, yakan leƙo tsakar gida ya sure ɗan tsako, Inna ta fito da muciya a hannu tana masifa.

“Malam, yau ma ya ɗauke mini guda! Tsuntsun ga naka sai ya ƙare ni.”

“Ladanshi ya ɗauka. Kin taɓa ganin mai gadin da ba a ba tuwo?”

“To shi zo shi ci tuwon mana! Mi ya kai shi ga ɗiyan kajina?”

Haka suke yi duk damina, har na haddace, wani lokaci ni nake ƙarasa wa Baba amsar kafin ya buɗe baki.

Babanku, sunansa kun sani ba sai na kama ba, ɗan gidan maharba ne daga Jiratawa. Da aka yi aurenmu, ganin Baba ba shi da ɗa namiji, sai ya yarda ya zauna Tsibiri, aka yanka mana wuri a jikin gidanmu, zana ce kawai a tsakani. Da damina ya taya Baba noma, da rani ya rataya bindigarsa da burgami ya shiga dawa, ya kawo fakara, wato makwarwa, da zabbin dawa, ya kai gidajen alhazan Maraɗi su saya. Mutanen nan biyu suna son juna, wannan ko a gaban alƙali zan rantse. Amma kunyar surukai ta wancan zamani ba irin taku ba ce, da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo. In suka haɗu a hanya, babanku ya ratse, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, Baba ya kau da kai ya amsa gaisuwa kamar da iska yake magana. Ko a gona, wannan na gabas wancan na yamma. Duk abin da ɗaya ke son gaya wa ɗaya, ta bakina yake bi. Baba zai ɗaga murya daga sashensa ya ce, Abarta, ce ma mijinki hadarin ga na gabas ba na wasa ba ne. Babanku na zaune bayan zana ya ji sarai, amma dole in tashi in zagaya in maimaita, shi kuma ya ce in ce ya gode. A lokacin abin na ba ni haushi, har nakan ce ƙafafuna ba na haya ba ne.

Sannu a hankali dawa ya fara ƙarewa. Kurmin bakin gulbi da babanku ya tashi a ciki, can wajen Jiratawa, aka sare shi aka mai da shi gonakin rani, aka ja ruwa ana shuka albasa da alkama. Nan Tsibiri ma gona ta haɗe da gona, har babu ciyawar da fakara za ta ɓoye ƙwai. Mutumin da a da yake dawowa da burgami a cike, sai ga shi yana dawowa da ƙaya a ƙafa kawai. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Da yake ba ya iya faɗa da masu albasa, sai ya ɗora laifin a kan abin da bindigarsa za ta iya kaiwa.

“Ce ma Baba, shahon ga nashi na ƙare ɗiyan fakara. Da idona na gani.”

Na zagaya na faɗa. Baba yana gyaran ƙotar hauya, bai ɗago ba.

“Ce mishi shaho na nan tun kakan kakana, fakara ma tana nan. Ba shaho ya cinye dawa ba. Mu munka cinye shi, ni da irina, da hauyar ga.”

Na koma na faɗa. Babanku ya ce, to in haka ne Baba ya ajiye hauyar mana. Wannan kam ban kai ba, na ce masa tukunyata tana ƙonewa.

A daminar shekarar ne ya dawo wata rana da hularsa a hannu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da nono. Ƙwayayen zabuwar dawa ne ya tsinta a wani ɗan sauran ƙunci a bakin gulbi, ya jera su cikin ƙaiƙayi. Ya sa wa kazata mai kwanci. Na tambaye shi ko kiwo zai koma, ya ce a'a, in sun girma sakinsu zai yi a ƙarshen gonar Baba inda sabara ta rage, su hayayyafa. Lokacin yayanku yana rarrafe. Ya dube shi ya ce:

“So nike yaron ga shi tashi shi san kukan zabon dawa. In babu, mi zan koya mishi?”

Ban taɓa ganin namiji ya yi renon abu kamar yadda ya reni tsakin nan ba. Kullum da safe sai ya tafi tonon gara ya kawo musu, ya saƙa musu akurki da hannunsa, ya hana ni ko shara kusa da su. Amma jinin dawa ba ya zama a akurki. Da suka yi ɗan ƙwari sai su sulale ta ƙarƙashin danga su bazu cikin gero, kazar na binsu tana kiran banza. A can saman gawo kuma macen shaho na da nata ƴaƴan masu jin yunwa. Yau a ɗauke ɗaya, jibi a ɗauke ɗaya. Babanku ya gwada tsoro-tsoro da tsohuwar riga, ya gwada zama gadi da kansa, ya aike ni wurin Baba har na gaji. Baba ya ce a ƙara haƙuri, da ƴaƴan shahon sun tashi za a huta, kuma in kaka ta yi shi zai sayo zabbi ya biya. Babanku ya ce na gida ba na dawa ba ne.

Ranar da aka ɗauke na ƙarshe muna gona ana maimai, rana ta ɗan ɗaga. A gabanmu macen ta sauko ta sure shi, muna jin kukansa har ta kai reshe. Babanku ya ajiye hauya, ya nufi gida, bai yi sauri ba. Na san abin da zai ɗauko, na bi shi ina kiransa da sunan ɗansa, bai waiwayo ba. Harbi ɗaya ya yi. Macen shahon ta faɗo ta cikin rassan tana bugun ƙaya har ƙasa. Baba yana can ɗaya gefen, ya tsaya ya dubi gawon, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ci gaba da noma har ya kai bakin gona, ya saɓa hauyarsa ya tafi gida. Namijin ya yi kwanaki yana kewaya itacen yana kuka. Ƴaƴan da ke sheƙa ma muna jinsu, daga baya muka daina ji. Shi ma ya tafi, bai sake dawowa ba. Da gero ya yi ido janbaki suka sauko mana, ni da Inna muka shiga sahun masu kaɗa gwangwani har muryarmu ta dishe. Ba zan ce duk don rashin shaho ba ne, shekarar kowa ya taɓu, amma mu da ba mu saba ba.

Ga inda maganar ƙara ta samo asali. Labari ya kai Maraɗi, wani saurayi ma'aikacin gandun daji ya zo da kakinsa, ya sami Baba a zaure, ina ciki ina jinsu. Ya yi bayani da ladabi, ya ce irin tsuntsayen nan suna ƙarewa, akwai masu harbinsu suna tsallaka iyaka da kawunansu suna sayar wa masu magani, kuma doka ta hana. Ya ce a gaya masa wanda ya yi.

“Wanda ya harbi wanga ba don saidawa ya yi ba,” in ji Baba. “Gona tawa ce, icce nawa ne, kuma ban da ƙara. Sha ruwa, ɗana, rana na yi.”

Saurayin ya sha ruwa ya hau babur ɗinsa. Iyakar abin da ya faru ke nan, ko tara ba a ci kowa ba.

Tun daga ranar harbin ba wanda ya sake aikena. Zanar nan ta yi shiru, har na fara kewar zagayen da nake ƙorafi a kai. Aka yi girbi, aka yi buɗin daji, wato aka ba maharba izinin shiga dawa. Al'adar gidan su babanku ce, naman farko na shekara na suruki ne, kuma bai taɓa fashi ba. A wannan karon sai da ya yi tafiya mai nisa, ya kwana a dawa, ya dawo ƙafafunsa duk faso, da fakara guda ɗaya tak. Na san ba nama kawai ba ne, ban-haƙuri ne da bakinsa ba zai iya furtawa ba. Na dafa ta da man shanu da duk ɗan yajin da nake ɓoyo, na zuba a akushi, na rufe da sabon faifai, na zagaya raina fari. Baba na zaune a tabarma. Ya ɗaga faifan ya duba, ya mayar ya rufe.

“Mayar mishi.”

“Baba...”

“Na ce ki mayar, Abarta.”

Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana tsince wake. Na tsaya da akushi a hannu, gaba kura baya sayaki. Har na yi tunanin in fita ta ƙofar gida in ba yaran maƙwabta, in dawo da akushi wayam in ce an ci an gode. Amma zana ba bango ba ce, ya riga ya ji. Na kai na ajiye a gabansa.

“Ya taɓa?”

“Bai taɓa ba.”

“To.”

Ya ture akushin gefe. Bayan ƴan kwanaki ya ce mini zai koma Maraɗi da zama, wani alhaji da yake kai wa nama ya yi masa alkawarin aiki. Ya ce in na zaɓi zama bai riƙe ni ba, ya san ni kaɗai gare su. Ku da kuke da ƴan'uwa ba za ku san nauyin wannan magana ba. In na tafi, ba mai ɗebo wa Inna ruwa, ba mai kai wa Baba fura gona. In na zauna, na bar mutumin da ya bar garinsu saboda ni ya fita shi kaɗai da kunya a ka. Na yi kuka har idona ya kumbura. Inna ce ta ce, bi mijinki, mu mun ci zamaninmu. Na bi shi, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba, sai dai na biya, don iyayena sun tsufa ba a gabana ba. Ranar tafiya Baba bai fito ba, ya dai aiko Inna da damin gero mafi kyau a rumbunsa.

A Maraɗi babanku ya sayar da bindigar, ya zama mai gadin mangazar alhaji, wato ɗakin ajiyar kayansa. Mutumin da ya san kowace hanya a dawa daga nan har iyaka, ya koma zaman benci yana kallon kwaɗo. Bai taɓa hana ni zuwa Tsibiri ba, shi yake raka ni tasha. In na dawo ya tambayi ruwa, ya tambayi gero, ya tambayi ko an gyara rumbun nan da ya karkace, komai dai ban da mai rumbun. Baba ma haka, sai ya ce, wai masu gadi a birni ana ba su bargo da ɗari? Kowa yana tambayar ɗaya ta bayan gida, ni kuma ina amsawa kamar ban gane ba.

Sai da aka yi shekaru, har an haifi ukunku, Inna ta ɓare mini abin muna sussuka. Ashe a gidajen manoma, in babba ya mayar da kyautar mai laifi, ba kora ba ce, ƙofa ce ya buɗe. Ana so ka sake kawowa tare da dattawa, ya karɓa a gabansu, magana ta mutu. Baba har ya gaya wa limamin unguwa ya zauna da shiri, ya sa an share zaure an shimfiɗa tabarmi, yana ta jira, sai ji ya yi muna ɗaure kaya. A gidan maharba kuwa, naman da aka mayar ba a sake aika shi har abada, ma'anarsa an yanke zumunci. Kowa ya bi abin da ya gada, ni kuma da ke tsakani yarinya ce, ban san ko ɗaya ba. Na gaya wa Baba yadda maharba ke ɗaukar abin, ya ce wallahi bai sani ba, ya tashi ya shige ɗaki. Na dawo Maraɗi da gudu na gaya wa babanku, ina murna an sami bakin zaren. Ya girgiza kai ya ce:

“Da mi za ni koma, Abarta? Da naman mahauta?”

Na ce ko goro ne ya kai. Ya ce fakara aka mayar, fakara za a kai, shi kuma ba bindiga, dawa ma babu. Baba kuma babba ne, ba shi zai fara takowa ba. Na yi masifa, na yi lallashi, na ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, duk a banza. Haka shekaru suka yi ta wucewa, mutum biyu masu taurin kai suna kewar juna, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba.

Bayan rasuwar Inna, ciwo ya kwantar da Baba. Wata safiya aka aiko in zo maza. Ina ɗaura ɗankwali sai na ji babanku ya ce in jira shi ya sa riga. Na tsaya jiransa, ina tsoron kada ya fasa. Da muka isa ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a ƙofar ɗaki daga waje. Na shiga na ce, Baba, tare muke. Bai tambayi da wa ba. Ya rame har ba na son tunawa, amma muryarsa na nan.

“Tambaye shi, can Jiratawa akwai sauran fakara?”

Na juya bakin ƙofa na maimaita.

“Ce ma Baba babu.”

“Shaho hwa?”

“Ce mishi shi ma na daɗe ban gani ba.”

Baba ya rufe ido, har na ɗauka barci ya yi. Can ya ce:

“Ashe duk sun bar muna wurin. Abarta, azahar ta yi, ke ba ki iya ɗaga ni. Ce mishi shi shigo.”

Ban kai ga juyawa ba, babanku ya riga ya shigo. Ya sa hannu ya tallafo shi ya jingina da ƙirjinsa, ya riƙe masa buta ya yi alwala. Ba su dubi juna ba, sai dai na ga hannun Baba ya kama yatsun babanku ya ƙi saki, har ruwan butar ya ƙare. Babanku bai koma Maraɗi ba sai da ya sa shi a kabari da hannunsa.

Yanzu shi ma ya tafi. Gonar kun sani, gari ya cinye ta, an yi gidaje, gawon ma an sare. Ina zaune a nan cikin ƙarar kabu-kabu, kuna kawo mini kajin gona masu farin nama kuna cewa in ci, ina ci don kada ranku ya ɓaci. Ba naman nake kewa ba. Da za a ce yau wani zai ɗaga murya daga bayan zana ya ce, Abarta, ce ma mijinki, wallahi da ƙafafun nan masu ciwo zan tashi in zagaya, in kai, in dawo da amsa, ko sau nawa ne, ba zan yi ƙorafi ba. Amma ba mai aikena.